Karate Ya Ce, Karatu Aka Shelanta

Shekara goma sha shida ke nan da rasuwar maigidana Bitrus, wanda mutanen Ƙofar Kaura suka fi sani da Masta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo sai 'yarmu Hanatu ta bugo waya daga Jos ta ce, "Mama, ki rubuta wani abu a kan Baba mana." Ni kuma in ce mata me zan rubuta a kan mutumin da bai bar gida ba, bai bar mota ba, sai fararen kayan wasa kala biyu da wata baƙar ɗamara da ta koɗe har ta koma ruwan toka? Bana dai ga shi na ɗauki biro. Tsoro ne ya sa ni, irin wanda na ɗauka mun rabu da shi tuntuni, sai ga shi cikin 'yan makonnin nan ya dawo ya zauna mini a ƙirji.

Gara ku san da wa kuke magana. Ni matsoraciya ce, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Ko tayar mota ce ta fashe a bakin titi, ni za a fara tararwa a bayan ƙofa ina kiran sunan Ubangiji. Allah da ikonsa ya haɗa ni da tsohon soja mai fasa katako da gefen hannu. Dukkanmu 'yan kudancin Kaduna ne, aiki ya kawo mu Katsina. Shi da ya bar soja sai ya samu aikin kula da sito a wata ma'aikata, ni kuma ina koyarwa a firamare. Muna haya a Kambarawa, gida ɗaya da wasu 'yan Filato.

A soja ya koyi karate, wasan kare kai da hannu da ƙafa, kuma abin ya shiga jininsa fiye da yadda nake so. Wani ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Sada, ya ba shi tsohon sitonsa kusa da Ƙofar Kaura, a nan ya buɗe kulob. Ba wani wurin a zo a gani ba ne. Warin tsohuwar dawa bai taɓa barin ɗakin ba, katifun faɗuwa kuwa buhuna ne da muka cusa wa buntun shinkafa na ɗinke da hannuna. Amma a zamanin mulkin soja ɗakin cika yake yi da 'ya'yan sojoji da na 'yan sanda da na ma'aikata. In ka wuce da la'asar sai ka ji ihun yara har bakin titi.

Da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula kowa ya yi murna, mu ma mun yi. Sai dai ba a jima ba aka shiga canza wa mutane wurin aiki, iyayen ɗalibansa suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Bayan wannan kuma labarai marasa daɗi suka fara zuwa daga wasu garuruwa, na rikici da ƙone-ƙone tsakanin mutanen da jiya suke cin abinci kwano ɗaya. A Katsina ba a taɓa kowa ba, gaskiya ɗaya ce. Amma barcinmu ya koma rabi da rabi. Maƙwabtanmu 'yan Filato suka tura matansu da yara gida, wai sai abin ya lafa. Kafin mu ankara, ɗaliban Masta sun koma huɗu.

Alhaji Sada ya kira shi ya ce, "Masta, ka san ni ba korarka zan yi ba. Amma mutanen jam'iyya sun matsa mani, ofis suke so. Ɗaki kamar wanga a ce yara huɗu ne cikinshi? In ka cika shi da yara ina da abin da zan ce masu. In kuwa haka za a ci gaba, bakina ya mutu."

A cikin makon ne wani ɗan jam'iyyar mai kula da samarinsu ya zo har sito. Lokacin ne 'yan siyasa suka fara ɗaukar kauraye haya, wato samarin nan masu yawo da gora da adda. Ya ce wa Bitrus shi zai cika masa ɗakin taf kafin Juma'a, sharaɗi ɗaya ne, ya bar wannan gaishe-gaishe da miƙe-miƙe ya koya masu duka kawai. Bitrus ya ce masa shi faɗuwa yake fara koyarwa, kuma sai yaro ya iya faɗuwa ya tashi bai fusata ba sannan yake nuna masa yadda ake dunƙule hannu. Mutumin ya yi dariya ya fita. A bakin ƙofa ya tsaya yana ƙare wa ɗakin kallo, irin kallon wanda ya riga ya san inda zai ajiye teburinsa.

Da Bitrus ya dawo gida ya ce mini ya yanke shawara, cikin gari zai nemi ɗalibai, 'ya'yan mutanen birni. Zai sa a yi shela, wata na farko kyauta.

Na ajiye muciyar da ke hannuna na ce, "Baban Hanatu, kanka ɗaya kuwa? Kai Kirista, tsohon soja, a irin wannan lokaci, za ka sa a bi unguwa-unguwa ana cewa a kawo maka yara ka koya masu faɗa?"

Ya ce, "Ba faɗa ba ne."

Na ce, "Ni ka gaya wa. Su wa zai gaya masu?"

Ya ce shekararmu nawa a garin nan, wanda ke sayar mana da nama ya san mu, wanda ke yi masa aski ya san mu, in ba mu yarda da su yau ba sai yaushe. Haka yake. In ya kafe a kan abu, sai dai ki gaji ki yi shiru.

Mai shelar wancan ɓangaren na gari wani tsoho ne, Baba Mani. Keke gare shi, da lasifika ɗaure a gaba, batir a baya. Shi ke shelar yaron da ya ɓata, da rigakafi, da ranar gyaran maƙabarta. Kowa ya san kunnensa ya yi nauyi, amma babu mai iya gaya masa, don yana ji da sana'arsa. To ga inda matsalar take. Samarin gari masu kallon finafinan 'yan Sin kareti suke cewa. Da Bitrus ya faɗa haka, ko ya ce dambe ne irin na ƙasashen waje, da ba a kai ga abin da aka kai ba. Amma shi da iyayinsa na bariki sai ya ce karate, yadda malaminsa na soja ya koya masa. Ya ba ni labari daga baya cewa tsohon ya sa hannu a kunne ya ce, "Mi?" Ya maimaita. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla! Allah shi yi maka albarka, ɗana. Aikin lada ne." Shi kuma gogan naku ya taho gida yana murna wai ashe mutanen birni sun san darajar wasan.

Ran Alhamis ina kasuwa, na duƙa ina zaɓen tumatir, sai na ji lasifika a bayana.

"Jama'a ku saurara da kyau! Ana sanar da iyayen yara cewa tsohon soja Malam Bitrus shina koyar da karatu kyauta, wata guda cur, ba ko kwabo! A tsohon siton Alhaji Sada, Ƙofar Kaura, ran Assabar bayan la'asar! Wanda ya ji shi gaya ma wanda bai ji ba!"

Tumatirin da ke hannuna ban san lokacin da na matse shi ba. Mai tumatirin ta washe baki ta ce, "Madam, ba mijinki ba ne? Kai, Allah shi saka mashi! Nawa uku duk zan turo." Kafin in miƙe tsaye in gyara zancen, Baba Mani ya taka kekensa ya shige cikin jama'a, ina jin shelar tana nisa tana shiga lunguna.

Na san mai karanta wannan a yau dariya zai yi. Ni ma yanzu nakan yi. Amma a ranar abin da na hango shi ne yadda zancen zai kasance a bakin mutane in Asabar ta zo: wani Kirista tsohon soja ya yaudari iyaye da sunan karatu, ya tara 'ya'yansu a ɗaki yana koya masu faɗa. Zancen bai fi numfashi ɗaya ba. Kuma a wancan lokaci mun ji garuruwan da abin da bai kai wannan ba ya tashe su.

Da na gaya wa Bitrus sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Da ya dubi fuskata sai dariyar ta tsaya. Ya hau babur ya tafi neman Baba Mani, aka ce ya bi kasuwannin ƙauye da wata shelar, sai Asabar zai dawo. Ya je gidan Alhaji Sada, aka ce ya tafi sayen hatsi. Ran Juma'a da yamma maƙwabciyarmu mai ƙosai, Musulma ce, mutuniyar kirki, ta ja ni gefe ta rage murya ta ce, "Maman Hanatu, ki gaya ma maigidan ya yi hattara. Samarin jam'iyya na bin majalisu suna cewa a je gobe a ga irin karatun." Ashe mutumin nan mai son ɗakin ya gane kuskuren tun kafin kowa, ya kuma ga ribarsa.

Na tura Hanatu gidan wata ƙawata a bariki. Na jawo jakar nan mai ratsin ja da shuɗi da ake cewa Gana-mas-go, na zuba takardun makarantarmu, da takardar haihuwar Hanatu, da zani biyu, da Littafi Mai Tsarki. Na durƙusa a gabansa, abin da ban saba ba, na ce ya sa wa siton kwaɗo mu bi yarinya bariki, ɗaki ne, a ba jam'iyya, su ci su ƙoshi.

Ya ce, "In suka zo da 'ya'yansu suka tarar da kwaɗo, sun gama yanke hukunci. Za a ce na gudu ne don an gano ni. Kuma ba mu kaɗai abin zai shafa ba. Duk mai zuwa coci a garin nan sai ya ji a jikinsa."

Na bi shi ran Asabar. Kada wani ya ce jarumta ce. Zama ni kaɗai a ɗaki ina sauraron ƙarar kowane babur ya fi ba ni tsoro. Jakar ma ban bar ta ba, rungume da ita na hau bayan babur. Na roƙe shi ko fararen kayan nan kada ya sa, ya ce abin da yake koyarwa ke nan, su gani da idonsu.

Ban taɓa ganin yara a ƙofar siton nan kamar ranar ba. An yi masu wanka an shafa masu mai, kowa da littafin rubutu da fensir, wasu fensir ɗaya aka karya masu biyu. Iyaye maza na tsaye a bayansu, fuska ba walwala, alamar zancen majalisa ya iso gare su. A tsallaken titi kuma, ƙarƙashin bishiyar bedi, ga samarin nan zazzaune, kowa da gora a tsakanin ƙafafunsa. Ni ina bakin ƙofa a bayan Bitrus, jaka a ƙirji.

Ya gaishe su gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da iyali da kasuwa. Sannan ya faɗi gaskiya, cewa kuskure aka samu wajen shela, shi wasan kare kai yake koyarwa, sunansa karate. Wurin ya ɗauki gunaguni. Wani maƙeri mai faɗin ƙirji, Malam Iro, da ɗansa Lawal a gabansa, ya ce, "Malam, mu karatu aka ce mana. Wanga kaya da ka sa na mi ne? Ɗiyanmu za ka koya ma faɗa ba da saninmu ba?"

Daga ƙarƙashin bedin wani ya ɗaga murya ya ce, "Yaudara ce! Runduna yake haɗawa!"

Sai ga ƙararrawar keke. Baba Mani ne ya dawo daga ƙauye, ya biyo ya ga albarkar shelarsa. Na ce a raina, na gode maka Ubangiji, ga mai raba gardama. Malam Iro ya matsa kusa da kunnensa ya tambaye shi da ƙarfi abin da aka ce masa ya shelanta. Tsohon ya jingine keke, ya gyara hula, ya ce, "Karatu ya ce mani! Da kunnena na ji! Tun kafin a haifi rabinku nike shela garin nan, ban taɓa ƙara ma zance ba, ban taɓa rage mashi ba!"

Shi ke nan, dattijon da duk gari ya yarda da shi ya ba da shaida a kanmu.

Ban ga wanda ya jefo dutsen ba. Ƙararsa kawai na ji, sai ga jini yana bin girar Bitrus ta hagu yana ɗiga a kan farar rigar. Yara suka yi baya suna kuka. Samarin nan suka miƙe, suka tsallako titi, sai kuma suka tsaya. Jira suke ya ɗaga hannu. Sau ɗaya kawai suke bukata, duk iyayen nan su gani. Ni na san hannun nan, na ga abin da yake yi wa katako. Sai na ga ya mayar da hannuwansa biyu baya, na dama ya damƙe wuyan na hagu har jijiyoyi suka fito. Ni kaɗai na gani, don ni ce a bayansa. Jinin ma bai share ba.

A haka ya rusuna a gaban Baba Mani ya ce, "Baba, ba zan ƙaryata ka a gaban jama'a ba. Bakina ne bai fita da kyau ba. Abin da ka shelanta shi za a yi." Ya miƙe ya dubi iyayen ya ce, "Karatu aka ce maku, karatu za a yi. Ga malama nan, aikinta ke nan a firamare. Maman Hanatu, bisimilla."

Allah ya sani, da ba a gaban mutane ba ne da sai na rufe shi da duka da jakar nan, ɗamararsa ko baƙa ce ko shuɗiya. Ni? Ni da ko sunana ba zan iya faɗa ba a lokacin? Duk idanu suka dawo kaina. Malam Iro ya daɗe yana kallon jinin da ke rigar, sannan ya tura ƙeyar ɗansa ya ce, "Kai, shiga. Ni ma ina nan tsaye, mu ga karatun." Sauran iyayen suka biyo shi da yaransu. Don su kama mu da ƙarya suka shigo, ba don ƙauna ba. Amma da suka jeru a jikin bango, wasu suka tsaya a bakin ƙofa, sai ya zama babu ta inda samarin nan za su bi.

Babu allo, babu alli. Wani yaro ya ruga wurin mai gasa masara ya karɓo gawayi. Na tsaya a gaban bango, kaina fayau, ko baƙaƙen da nake koya wa 'yan aji ɗaya kullum sun gudu sun bar ni. Abin da ya rage a kaina kalmomi biyu ne da suka hana ni barci tun Alhamis. Su na rubuta, manya-manya, ɗaya a saman ɗaya: KARATU, KARATE. Na juyo na ce, da wata murya da ban san ta ba, wa zai gaya mini bambancinsu?

Can sai Lawal ɗan Malam Iro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, wutsiyar ce ba ɗaya ba."

Uban bai yi boko ba. Ya ce, "Karanta mani in ji." Yaron ya bi su a hankali, ka-ra-tu, ka-ra-te. Malam Iro ya sa ya maimaita. Sannan ya waiwaya ya dubi Baba Mani, wanda ya kutso har gaba da hannu a kunne. Tsohon ya buga cinya ya ce, "To ba ga shi ba! Ai abin da na ce ke nan, duk ɗaya ne!"

Malam Iro ne ya fara. Ya so ya danne, abin ya fi ƙarfinsa, dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Na kusa da shi ya kama, ta bi bango ta zagaye ɗakin, yara ma da ba su san dalili ba suka shiga. Baba Mani ya ɗauka yabonsa ake yi, yana ta ɗaga hannu. Ni dai na jingina da bango don kada in faɗi. Da na samu na leƙa waje, samarin sun koma ƙarƙashin bedi, daga baya kuma na duba babu kowa.

Ba zan ce daga ranar komai ya daidaita ba. Rabin yaran ba su dawo ba. Akwai iyayen da har Bitrus ya rasu ba su sake amsa gaisuwarsa da sakin fuska ba. Mun yi watanni in babur ya tsaya a ƙofar gidanmu sai gabana ya faɗi, tabon kuma da shi aka binne shi. Amma a ranar, bayan na gama abin da na kira darasi, ya ɗaure goshi da tsumma, shi da ɗalibansa huɗu suka nuna wa iyayen da suka tsaya yadda ake faɗuwa a kan buhu a tashi lafiya. Malam Iro ya ce duk ya gani, abu ɗaya ne bai kwanta masa ba, wannan sunkuyawa da suke yi wa juna kamar ruku'u. Bitrus ya ce daga yau hannu za a riƙa sa wa a ƙirji. Haka ake yi a ɗakin har gobe.

Doka ta zauna da kanta: karatu da farko a wurina, sannan a sa fararen kaya. Yaron da bai zauna karatu ba, ba zai taka buhu ba. Mutanen unguwa suka raɗa wa wurin suna karatun Masta. Da Alhaji Sada ya dawo ya ce wa 'yan jam'iyya su yi haƙuri, makaranta ce yanzu, shi ba zai iya korar makaranta ba. Baba Mani kuwa har ya koma ga Allah yana gaya wa mutane shi ya cika wa Masta ɗaki, kuma ba wanda ya taɓa yi masa musu, don gaskiyarsa ce.

Nakan zauna in ce da Bitrus zai leƙo yau, me zai ce? Garin ya faɗaɗa, gidaje sun wuce inda muke cewa daji. Tsoron ma ya canza kama. A da maƙwabci muke tsoro, yanzu mu da maƙwabcin tare muke jin tsoro, na hanya, na masu satar mutane, na yaron da zai soke ka a kan waya. Uwa ba ta yarda ɗanta ya kai magariba a waje, Musulma ce ko Kirista. Ina jin da zai yi ta faɗa a kan yaran da ke kwana da waya a hannu ba su iya ko tsallen kwata ba. Amma abin da zai fi ɓata masa rai shi ne ya ga har yanzu in zaɓe ya matso, farashin gora tashi yake yi.

Lawal ne ke riƙe da kulob ɗin yanzu, yaron nan mai zancen wutsiya, ya zama magidanci da 'ya'yansa. Kwanan baya ya zo gida, ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe yana juya hularsa kafin ya yi magana. Ya ce yara sun koma biyar. Ya sa hotunan wasa a waya, mutane na ta yabawa, amma ba wanda ya kawo ɗansa. Magadan Alhaji Sada na maganar mayar da siton shaguna. Kuma wani ya zo masa da irin tayin da aka yi wa Masta, kusan kalma da kalma. Ya ƙi. Tun ranar, in ji shi, da la'asar sai ya ga wasu samari zaune a ƙarƙashin bedin nan.

Ya ce, "Mama, ki dawo ki ɗauki karatu ran Assabar. Tun da kika bari abin ya ja baya. Iyayen yanzu ɗalibanki ne. In suka ji kina ciki za su saki yaran."

Na ce masa gwiwoyina sun mutu, idona ya yi rauni. Duk gaskiya ne, amma shi ma ya san ba su ne dalilin ba. Da na gaya wa Hanatu sai ta sa mini kuka a waya, ta ce in tattaro in dawo Jos, Baba ya yi nasa ya tafi, me nake nema kuma. Ban ga laifinta ba. Ita ce aka kai bariki tana ƙarama ba ta san ko za ta sake ganinmu ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. A ciwonsa na ƙarshe, ina shafa masa mai a hannu, sai na tuna masa ranar. Na ce har yanzu ina mamakin yadda ya riƙe hannun nan a baya bai rama ba. Ya yi ɗan murmushi da gefen bakin da ke motsi ya ce, "Rabi don kada in yi duka ne. Rabi kuma don kada su ga yadda yake rawa." Shekara da shekaru ina zaune da mutumin nan ina ɗauka shi ba ya jin abin da nake ji. Ashe mu biyu ne matsorata a bakin ƙofar nan, shi dai ya san inda zai ajiye hannunsa.

In an tambaye ni me ya bari, ba ɗamarar ba ce, tana nan cikin akwati asu na ci. Akwai magidanta a garin nan, wasu na zuwa masallaci wasu coci, waɗanda suka iya karya haƙarƙarin mutum amma ban taɓa jin an ga ɗayansu da gora a bayan motar ɗan takara ba. Akwai kuma kalmomi biyu a bangon wani tsohon sito, da Lawal ke sabunta su da fenti duk shekara. In ɗakin ya zama shaguna, ko ya faɗa hannun masu son a koya wa samarinsu duka kawai, to sannan ne zan san Bitrus ya mutu.

Jakar nan ban taɓa kwance ta gaba ɗaya ba. Mun canza gida sau biyu, tana ƙarƙashin gado da kayanta a ciki. Jiya na jawo ta, na kakkaɓe, na fitar da zannuwan, na zuba alli da littattafan 'yan aji ɗaya. Takardun dai na bar su a ciki, ƙarfin halina bai kai nan ba. Na san in na hango bedin nan tsoron zai dawo kamar wancan karon.

Baba Mani ba ya nan, don haka bari in yi da kaina. Ana sanar da iyayen yara cewa ran Asabar bayan la'asar, in Allah ya kai mu, Maman Hanatu na tsohon siton Ƙofar Kaura. Mai yaro ya kawo shi, ya kuma shigo ya tsaya a jikin bango ya gani da idonsa, ana tashi kafin magariba. Karatu za a fara, sannan karate. In kun ga na sa hannu a baya, ku yi kamar ba ku gani ba.